Ya zagi uwar yaro a cikin gem, yanzu yayan yaron na tambayar unguwarsu

Ɗan Ɗorayi: Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe, don na san akwai waɗanda da sun ji an ce gem sai su ce aikin banza su wuce.

Ina riƙe da wani guruf na 'yan Free Fire, gem ɗin harbi na waya, a WhatsApp, mu ɗari biyu da 'yan kai, yawanci yaran Ɗorayi, Kabuga, Gwale da Rijiyar Zaki. Duk daren Asabar muna haɗa gasa, kowane sikwad mutum huɗu, wanda ya ci wani yayanmu mai shago a Farm Centre ya tura musu data. Shekara biyu kenan muna yi ba a taɓa jin kanmu ba.

Asabar ɗin da ta wuce aka kayar da wani yaro a zagayen ƙarshe. Wannan yaron kuwa ya fi kowa hannu a guruf ɗin, ba na ja. Yana kwance a cikin gem ɗin yana jiran abokin wasansa, wani ɗan ƙaramin yaro, ya zo ya tashe shi, shi kuma ɗan ƙaramin ya ruɗe ya gudu. Kawai sai ya buɗe maik ya lailayo ashar ya ɗura masa, har da ambaton mahaifiyarsa. Bai tsaya nan ba, ya biyo shi guruf da saƙon murya guda uku. Yaron da aka zaga shekararsa 14, kuma wayarsa a sifika take, yayansa na zaune a ɗakin ya ji komai.

Nawa laifin shi ne ni ma raina ya ɓaci na mayar masa da martani a gaban kowa, na ce masa marar tarbiyya, na haɗa da wata kalmar da ba zan maimaita ba. Yanzu guruf ya rabu biyu. Abin da ya fi tayar min da hankali, jiya yayan yaron ya kira ni yana tambaya a wace unguwa mai zagin yake. Duk ɗan Kano ya san inda irin wannan tambayar take kaiwa. Yaya zan yi?

Abban Kurna: Cire shi kawai ka huta. Meye na dogon bayani?

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Kada ka kuskura ka faɗa masa unguwar. Wannan shi ne na farko, sauran duk mai sauƙi ne.

Kwaron Sheka: Ni fa ina ganin ana zuzuta abin. Duk wanda ke gem ya san baki yana zafi in ana wasa. Ka shiga gidan gem a Sheka ko Zoo Road ka ji abin da ake faɗa in mutum ya ci wani biyar da nema a gem ɗin ƙwallo na eFootball. Tsokana wani ɓangare ne na wasan. Ko a filin dambe ai ana kirari ana cika baki. Mu Kanawa da Zagezagi tun kaka da kakanni muke tsokanar juna, ka taɓa jin an kai wani kotu? In za a cire duk wanda ya yi magana mai zafi, admin kaɗai zai rage a guruf.

Maman 'Yan Biyu: Kwaro, ka taɓa jin Bakano ya zagi uwar Bazazzagi da sunan wasan barkwanci? Wasan taubasai ma yana da inda yake tsayawa. Ana yi ne duka biyun suna dariya. Wannan yaron dariya ya yi?

Kwaron Sheka: To, ban ce ya yi daidai ba Anti. Cewa na yi kada a mai da shi kamar ya yi kisan kai.

Dogo Mai Ƙofa: Wa alaikumus salam. Ni ban san komai a kan gem ba, ko Ludo ƙanwata ce ke cinye ni. Amma shekara 11 ina tsayuwa a bakin ƙofa, aikin baunsa. Huɗu na farko a wani otal a Sabon Gari mai wurin rawa da daddare, sauran kuma a wuraren biki, dina da kamu da makamantansu, tsakanin Nassarawa da Bompai da Hotoro. In zagi abinci ne da yanzu na fi haka ƙiba.

Ɗan Ɗorayi, kuskurenka ba fushin ba ne, wurin da ka yi shi ne. Mai zagi 'yan kallo yake nema. Matuƙar akwai idon mutane a kansa ba zai sauko ba, ko da zuciyarsa ta gaya masa bai kyauta ba, don saukowa a gaban jama'a faɗuwa ce a wurinsa. Shi ya sa abu na farko da muke yi in mutum ya fara ɗaga murya a layi shi ne raba shi da layin. Sai in ce, "Yallaɓai, ɗan zo nan gefe mu yi magana, hayaniya ta yi yawa ba na jin ka sosai." Taku biyar kawai. Wallahi sau da yawa kafin mu kai gefen rabin zafin ya tafi.

Sannan akwai 'yan abubuwan da jiki ke faɗa kafin baki. Ba na tsayawa ƙirji da ƙirji da mutum, ina ɗan karkacewa. Hannuna a buɗe inda zai gan su, ba na nuna shi da yatsa, ba na taɓa shi ko da kafaɗa ce. In ya ɗaga murya ni sai in rage tawa, har sai ya yi shiru don ya ji abin da nake cewa. Kuma na daina cewa "kwantar da hankalinka" tun da daɗewa. Ban taɓa ganin wanda aka gaya wa haka hankalinsa ya kwanta ba, ƙara masa fetur kake yi.

Kusan kowane dare sai wani ya ce min "ka san ko ni waye?" Da can ina cewa "ko kai waye ba za ka shiga ba." Yanzu cewa nake, "Ranka ya daɗe, shi ya sa ba na so a gan ka tsaye a waje ana ja-in-ja. Ba ni sunan wanda ya gayyace ka in aika a kira shi." Ka ga na ba shi girmansa, amma ƙofar tana nan a rufe har sai mai biki ya ce a buɗe. Mutane suna ɗauka ladabi na nufin ka bar shi ya shiga. A'a. Katin gayyata dai babu shi, ba zai shiga ba. Bambancin kawai ko zai koma mota da mutuncinsa ko zai koma yana neman yadda zai rama.

Abban Kurna: Kai Dogo, da wannan ƙirar taka kake cewa mutum ranka ya daɗe? Ni na ɗauka ɗaga mutum kuke ku ajiye a titi.

Dogo Mai Ƙofa: Na taɓa yi, shi ya sa na daina. Shekarata ta biyu a Sabon Gari wani yaro ya zo a buge, na hana shi shiga, ya zagi mahaifina. Na shaƙe masa wuya na jefar da shi a kwata, mutane na ta shewa, ni kuma ina jin kaina wani zaki. Bayan kwana uku suka dawo su shida, lokacin na tashi daga aiki. Abokin aikina suka tarar, wanda ko wurin ba ya nan ranar da abin ya faru. Har yau akwai tabo a hannunsa, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa sosai. Duk lokacin da muka gaisa sai na ji shi a tafin hannuna.

Wani dattijo da muka yi aiki tare ya koya min cewa wanda ya sha abu ba da shi ake magana ba, a cikin abokansa ake neman wanda idonsa ya fi washewa, a ce "ɗan uwa taimaka ka kai shi gida." A tsayar musu da Adaidaita Sahu. Kuma in mutum ya riga ya ƙullace ka, ka janye abokin aikinka ya karɓa, sabuwar fuska ba ta da laifi a wurinsa. In ya juya zai tafi yana zagi, bar shi ya tafi da kalmar ƙarshe. Tafiyar nake so, kuma ga shi yana yi.

Don haka ka kira yaron nan a waya, shi kaɗai, ba a guruf ba. Kuma kafin shi ka fara da yayan ɗaya yaron, yau ɗin nan, kada a kwana.

'Yar Gwale: Na karanta duka, kuma Yaya Dogo ka burge ni, amma bari in faɗi abin da ba a faɗa ba. Duk wannan dabarar tana yi maka aiki ne saboda mutum yana ganin faɗin kafaɗarka. In ka ce ranka ya daɗe ya san zaɓi ka yi, ba tsoro ba ne. Ni in na yi magana mai laushi a gem, ana ɗauka ƙofa na buɗe.

Call of Duty nake yi a waya tun bayan fitowarsa a 2019. Sunan namiji nake amfani da shi, kuma ba na buɗe maik sai da mutanen da na sani. Ranar da na manta na yi magana a cikin baƙi, kafin a gama zagaye ɗaya an tambaye ni lambata, an tambaye ni ko ina da aure, da na ƙi amsawa wani ya kira ni da sunan da ba zan rubuta a nan ba. Da Hausa fa, ba wani Bature ba ne, ɗan garin nan ne ko maƙwabta. Na gwada "don Allah malam ka yi haƙuri mu yi wasa." Sai ya ƙara samun ƙarfi, tunda ya ga ina amsawa.

Yanzu ba na cewa uffan. Miyut, rifot, bulok, wato in rufe muryarsa, in kai ƙararsa, in toshe shi, in ci gaba da harbina. Kuma ba na jin na yi rashin ladabi. Abin da ke ba ni haushi shi ne kullum wanda aka zaga ake bai wa haƙuri. Tun da aka fara zancen nan ana ta maganar yadda za a lallaɓa mai zagin kada ransa ya ɓaci. Yaro ɗan shekara 14 da aka zagi uwarsa a gaban mutum ɗari biyu fa, wa ya kira shi?

Maman 'Yan Biyu: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Abin da ke raina kenan.

Dogo Mai Ƙofa: Gaskiyarki, ban ja ba. A wurin biki ma in namiji ya takura wa mace ba ma tsayawa sasanci, fitar da shi muke. Lallashin da nake faɗa na yadda za a fitar da shi ne ba tare da an fasa kujeru ba.

Gaskiya Ɗaci: Ikon Allah. Wai ƙaton banza mai gadin gidan giya ne yau zai koya wa 'ya'yan Musulmi tarbiyya. Kai da za ka je ka tuba ka zo nan kana wa'azi. Ku kuma 'yan gem duk zaman kashe wando ne, ku nemi sana'a.

Dogo Mai Ƙofa: Na yi aikin, ban ɓoye ba, ni na faɗa da bakina. Shekara 7 kenan da na bar can. Allah ya yafe mana baki ɗaya. In kana da shawara a kan yaran nan muna saurare malam.

Gaskiya Ɗaci: Shawarar me zan ba irinku?

Malamin Islamiyya: Salamu alaikum. Zan ɗan taɓa ɓangaren addini, don akwai hadisin da ya dace da wannan lamari kamar an auna. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yana daga manyan zunubai mutum ya zagi iyayensa. Sahabbai suka yi mamaki, yaya mutum zai zagi iyayensa? Ya bayyana musu cewa zai zagi uban wani, shi kuma ya zagi ubansa, ya zagi uwar wani, shi kuma ya zagi uwarsa. Ɗan Ɗorayi, in ka kira yaron wannan za ka fara tuna masa, ba da faɗa ba. Yawancin yaranmu ashar ta zame musu kamar waƙafi a magana, ba sa ma jin nauyinta, saboda a gida suka fara ji, a titi suka ƙarasa koya.

Amma 'yarmu ta Gwale ta taɓo wani abu mai muhimmanci. Ayar Suratul Furƙan ta 63 da ke yabon bayin Allah waɗanda in jahilai suka yi musu magana sai su ce salama, tana magana ne a kan haƙƙinka kai. Kana da damar yafe zagin da aka yi maka. Ba ka da damar yafe wanda aka yi wa wani a madadinsa. Kai shugaba ne a wannan guruf ɗin komai ƙanƙantarsa, amana ce a hannunka. In ka yi shiru don yaron ya iya wasa, ka koya wa sauran cewa gwaninta na sayen lasin zagi.

Sannan kai ma ka zage shi. Ka fara ba shi haƙuri a kan naka kafin ka nemi ya bayar da nasa. Zai yi maka nauyi tunda ka girme shi, amma shi ne zai buɗe masa baki.

Ɗan Ɗorayi: Malam wannan ta ƙarshen ta yi min ɗaci, amma na ji.

Injiniyan Hotoro: Bari in ƙara da ɓangaren na'ura. Abin da ke damun ka yana damun manyan kamfanonin gem ɗin su kansu, kuma da kuɗinsu da injiniyoyinsu ba su gama da shi ba. Riot Games, masu League of Legends, sun taɓa kafa wani tsari a 2011 inda 'yan wasa da kansu ke karanta ƙorafin da aka kai su yanke ko a hukunta mutum ko a sake shi, daga baya suka rufe shi suka koma kan tsarin kwamfuta. Masu Call of Duty kuma a 2023 suka fara sa wata manhaja mai suna ToxMod tana sauraren hirar murya don gano zagi, da Turanci suka fara. Ni dai ban sa ran ranar da manhaja za ta gane asharin Kano tana nan kusa ba, don haka aikin yana wuyanmu.

Dalilin da abin ya fi muni a intanet a fili yake. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya kalli yayan wani ba, a gem ba ya ganin fuskar kowa, sunan ƙarya yake ɗauke da shi, ga netwok na ja masa rai, ga datar da ya tara kuɗinta da ƙyar tana ƙonewa. Free Fire mutum 50 ake zubawa a fili ɗaya, wasan bai fi minti goma zuwa sha biyar ba, kuskure ɗaya ya fitar da kai. Zuciya na kusa.

Kana da kayan aiki a hannunka da ba ka yi amfani da su ba. A WhatsApp admin na iya goge saƙon kowa ya ɓace wa kowa, kuma kana iya rufe guruf ya zama admin kaɗai ke magana. Daren nan da ka goge saƙonnin ukun ka rufe guruf zuwa safe, da ba a kai nan ba. Wannan shi ne "zo nan gefe" ɗin da Dogo yake faɗa. Ka dai ajiye kwafin saƙonnin kafin ka goge, saboda gaba.

Bakano Ɗan Boko: Dogo ya tuna min lokacin da nake karatu a Ingila. Ɗalibai da yawa aikin tsaron ƙofa suke yi don su samu na haya, ni ma na yi wata takwas. A can ba ka isa ka tsaya a ƙofar kulob ba sai da lasin daga hukumar SIA mai kula da masu aikin tsaro, shekara 3 yake yi a sabunta, kuma dole ka maƙala shi inda kowa zai gani. Kafin a ba ka sai ka yi kwas, kuma wani babban ɓangare na kwas ɗin yadda ake kashe rigima da baki ne. Abin dariya, kusan duk abin da na biya kuɗi aka koya min shi ne Dogo ya zayyana a sama, shi kuma da tabon abokinsa ya biya.

Talaka Bawan Allah: Ni fa duk wannan daɗin bakin ban yarda da shi ba. Dogo, tsakaninka da Allah, wa kuke cewa ranka ya daɗe? Wanda ya fito daga Prado da babbar riga. Mu da muke sauka daga Adaidaita, ko da kati a hannunmu sai an juya shi gaba da baya kamar kuɗin jabu. Bikin abokina na je a wani hol, da katina, wani baunsa ya sa hannu a ƙirjina ya tura ni baya don wata Hajiya ta wuce da mutum biyar, ko kati ɗaya ba su nuna ba. Almajiran da ke jiran ragowar abinci a bakin get kuwa da bulala ake bin su. Ladabinku na masu kuɗi ne. Haka ma a guruf, da ƙaramin yaron ne ya zagi gwanin, da tuni an cire shi ba a zo nan neman shawara ba.

Ɗan Ɗorayi: Kai. Wannan ta same ni. Gaskiya da shi ne da tun daren na cire shi.

Dogo Mai Ƙofa: Ba zan ƙaryata ka ba ɗan uwa, ana yi, ni ma na yi. Wani lokacin tsoro ne, don babban mutum da waya ɗaya zai iya raba ka da aikinka, talaka kuwa sai dai ya bar ka da Allah. Wani lokacin kuma masu bikin ne da kansu suke nuna mana waɗanda ba a tambaya kati. Su buga kati ɗari uku su gayyaci mutum ɗari bakwai da baki, sannan su bar mu da jama'a a waje. Amma wannan ba hujjar sa hannu a ƙirjin mutum ba ce. Yaran da nake ɗauka aiki yanzu abu biyu nake fara gaya musu: kowa ka yi masa sallama kafin ka tambayi kati, kuma bulala ba ta cikin kayan aikinmu. Ba duka ke ji ba. Wanda ya tura ka, in yarona ne, ka yi haƙuri.

Talaka Bawan Allah: Ba yaronka ba ne, wannan gajere ne. Amma na karɓa.

Ɗalibar Lauya: Ƙarin bayani kaɗan. Baunsa ba ɗan sanda ba ne, ba shi da ikon dukan kowa, in ya mari mutum ana iya kai shi kotu kamar kowa. Kamfanonin tsaro masu zaman kansu Sibil Difens ce ke kula da lasin ɗinsu, kuma dokarsu ta 1986 ta hana su riƙe bindiga. Ta ɓangaren intanet akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa sashe na 24 gyara a 2024 aka rage faɗinsa, amma barazanar cutar da mutum tana nan a matsayin laifi. Ina faɗa ne saboda yayan yaron. In ya fara tura saƙon "za mu zo har gida," shi da aka zalunta zai koma mai laifi. Gara a fahimtar da shi tun yanzu.

Gaskiya Ɗaci: Duk surutun banza.

Kwaron Sheka: Kun lura tun ɗazu babu wanda ya kula mutumin nan? Har ya fara ba ni tausayi.

'Yar Gwale: Kai ma ga shi ka kula shi.

Ɗan Ɗorayi: Na dawo da bayani. Bayan la'asar na je gidan su ƙaramin da ƙafata, na samu yayan a ƙofar gida. Na ce masa a gabana aka yi, kuma ni ne ban tsawatar yadda ya kamata ba. Ya yi faɗa sosai, na bar shi ya gama. Ya sake tambayar unguwar, na ce wannan kam ba zan faɗa ba ko zai yi fushi da ni, amma zan sa yaron ya kira shi. Ƙaramin kuma ya ce shi ya daina gem ɗin gaba ɗaya. Wannan ta fi komai taɓa ni, don da kuɗin da ya tara ya sayi wayar.

Bayan magariba na kira mai zagin. Na fara da nawa kamar yadda Malam ya ce. Ya yi shiru ya fi minti ɗaya, sannan ya ce ai shi ma a gidan gem haka ake masa tun yana ƙarami babu wanda ya taɓa ba shi haƙuri. Na ce na ji, amma ga abu biyu: sati biyu ba gasa, kuma ya kira yaron da yayansa, sannan ya yi saƙon murya ɗaya a guruf tunda a nan ya yi zagin. Kiran ya yi, na ji da kunnena don ni na haɗa su. Yayan ya ce ya wuce, ko da yake muryarsa ba ta gama sauka ba. Saƙon guruf kuwa ya ce ba zai yi ba, wai za a raina shi. Na ce to ƙofa a buɗe take duk ranar da ya shirya. Ƙarfe tara ya fita da kansa, abokansa uku suka bi shi.

Na rubuta doka na maƙala a saman guruf. Tsokana a kan wasa ba laifi. Iyaye, addini, ƙabila da mata ba a taɓa su. Na farko gargaɗi ta gefe, na biyu sati biyu, na uku sallama. Admin ma in ya yi zagi hukuncin ya hau kansa, don haka ni ma na dakatar da kaina daga gasar Asabar mai zuwa.

Kwaron Sheka: Ka rasa mafi iya wasa a Ɗorayi saboda saƙon murya ɗaya. Ni da na bar shi tunda ya kira su.

Dogo Mai Ƙofa: Ni ma da zan iya barin sa a kan kiran, na faɗa maka gaban jama'a yana musu wuya. Amma kai ka san mutanenka. Kada dai ka bari a yi ta zancensa a guruf bayan ya fita, zai ji, kuma shi ne zai hana shi dawowa.

'Yar Gwale: A gaban mutane ya yi, a gaban mutane zai gyara. Ƙaramin fa, ya dawo?

Ɗan Ɗorayi: Bai ce komai ba tukuna, amma na ga ya shiga gem ɗazu. Anti 'Yar Gwale, akwai mata huɗu a guruf ɗin da ba sa magana ko kaɗan, sai yau na gane dalili. Za ki karɓi admin?

'Yar Gwale: Ni ba na Free Fire. Amma tura min lambar ɗaya daga cikinsu in ta yarda, mu yi magana.

Kwaron Sheka: To tunda sikwad guda ya fita, akwai gurbi ranar Asabar kenan? Ina da yara uku a Sheka.

Ɗan Ɗorayi: Ka karanta musu dokar tukuna.

Dogo Mai Ƙofa: Ni zan wuce, akwai dina ƙarfe takwas gobe a Bompai, uwar amarya ta kira ni sau huɗu tana ƙara sunaye.